Shayin 'Yar Leda Ko Na Tukunya: Ina Kuɗinki Yake Tafiya?

Kafin mu shiga magana, ina roƙonki wani ɗan aiki. Gobe da safe in Allah Ya kai mu, bayan an gama karin kumallo an share tsakar gida, kada ki yi saurin kwashe sharar. Ki ɗan tsaya ki ƙirga 'yan ledojin madara, da na Milo ko Bournvita, da na gahawa, har da jakunkunan ganyen shayin nan masu zare da aka jefar. Abin da kika samu ki riƙe shi a ranki, domin da shi za mu yi lissafin yau.

Ni ma ba da gangan na fara wannan ƙirge ba. A hunturun da ya wuce ne na je Dugabau, cikin Ƙaramar Hukumar Kabo a yammacin Kano, na yi kwana huɗu wurin gwaggona. Gida ne mai mutum tara, kuma duk wadda ta san sanyin ƙauye bayan an cire amfanin gona, iska ba ta da abin da zai tare ta, ta san ba a wasa da ruwan zafi da safe. Kullum bayan sallar asuba sai a aiki yaro wurin mai tireda da kuɗi a dunƙule a hannu, ya dawo da madara ta leda huɗu, ganyen shayi mai zare biyar ko shida, da gahawar nan mai haɗe da sukari da madara guda ɗaya ta maigidan. A rana ta uku na kasa haƙuri, na ce, "Gwaggo, me zai hana ku sayi babban gwangwani gaba ɗaya ku huta da wannan aike?" Ta dube ni ta yi dariya, ta ce, "'Yar nan, ke dai 'yar birni ce. Gwangwanin madara ai ba ya sati a gidan yara."

Na dawo gida da niyyar in rubuta miki cewa 'yar leda asara ce tsantsa. Da na zauna da biro da takarda sai na ga maganar ta fi haka rassa. Akwai wurin da Gwaggo ta fi ni gaskiya, akwai kuma wurin da kuɗinta yake zurarewa ba ta sani ba.

Rigimar ba tamu kaɗai ba ce

Ki sani cewa Turawa ma sun daɗe suna wannan gardama, sai dai tasu ta zo da na'ura. A shekarar 1986 kamfanin Nestlé na ƙasar Suwizalan ya fito da Nespresso, wato wani ɗan inji da ake saka masa ɗan mitsitsin kwano rufaffe mai ɗauke da garin gahawa na kofi ɗaya tak. A danna, ruwan zafi ya ratsa, a sha, a jefar da kwanon. A Amurka kuma wani kamfani mai suna Keurig ya fito da irin nasa a 1998, ya fara da ofisoshi kafin ya shiga gidaje. Abin ya karɓu ƙwarai, domin babu wanke tukunya, babu aunawa, babu jira. Amma da jaridar New York Times ta yi lissafi a 2012, sai ta gano cewa mai shan irin wannan yana sayen gahawarsa a kan kimanin dala 50 kowane nauyin da bai kai rabin kilo ba, wato ninkin-ba-ninkin abin da mai dafawa a buta yake biya. A 2015 ɗaya daga cikin mutanen da suka ƙirƙiro na Keurig ɗin, John Sylvan, ya shaida wa mujallar The Atlantic cewa shi kansa ba ya da injin a gidansa saboda tsadar amfani da shi, kuma wani lokacin yakan yi nadamar ƙirƙiro shi saboda tarin sharar da ya jawo. A 2016 hukumar birnin Hambag na Jamus ta hana a sayi irin waɗannan 'yan kwanoni da kuɗin gwamnati a ofisoshinta.

Na kawo miki wannan ne saboda injin ya fara leƙowa manyan kantunanmu na birni, har wasu iyaye na sha'awar saka shi cikin kayan kicin ɗin amarya. In kina cikinsu, ki tuna abu biyu: yana buƙatar wutar lantarki a daidai lokacin da ake son shan, 'yan kwanonin kuma daga waje ake shigo da su, kuɗinsu yana bin dala. Ranar da suka ƙare, injin ya zama kayan ado a saman kanta. A nan dai ba ni da wata doguwar magana, kuɗin ya fi amfani a filas mai kyau da tukunyar gas.

Namu injin a nan shi ne 'yar leda. Ita ma tana da tarihinta. Wani ɗan kasuwa mai suna Robert Rose ne ya fara sayar da madarar Cowbell cikin ƙananan ledoji a ƙasar Zayar, wadda yanzu ake kira Kwango, a 1979. Madarar ta shigo Nijeriya a 1993, lokacin da garin madara abu ne na gwangwani, na masu albashi. Dabararsa ita ce ya ƙulla ta daidai kuɗin da ke aljihun talaka a ranar, sannan ya cire kitsen nono ya sa man tsirrai a madadinsa don ta daɗe ba ta lalace ba. Da sauran kamfanoni suka ga kasuwar ta buɗe sai kowa ya bi sahu, har ya zama yau babu abin da ba a ƙulla ba: madara, Milo, omo, tumatir, man gyaɗa, man goge baki. Kada mu yi butulci, 'yar leda ce ta kai madara gidaje da yawa da a da sai dai su gani a talla.

Lissafin madara

To, mu zo ga biro da takarda. A jikin kowace leda da kowane gwangwani akwai lambar da ke nuna nauyin abin da ke ciki, da ƙaramin harafin g a gabanta, wato giram. Yawancinmu ba ma kallonta, girman leda muke kallo, alhali leda iska ce ta fi yawa a cikinta. 'Yan ledojin madara da aka fi sayarwa suna ɗauke da giram 12 ko 14. Gwangwani matsakaici giram 400 ne. In kika raba 400 da 14 za ki samu kusan 29. Ma'ana, gwangwani ɗaya daidai yake da 'yan ledoji 29 masu giram 14, ko 33 masu giram 12.

Saboda haka ba sai kin yi wani dogon lissafi ba. Ki tambayi kuɗin leda ɗaya, ki ninka sau 29, ki kwatanta da kuɗin gwangwani. Alal misali, mu ɗauka leda naira 150 ce, sau 29 ya kama naira 4,350. In gwangwanin naira 4,000 ne, kin ci ribar 350. In kuwa 4,800 ne, to 'yar ledar ta fi araha, kuma kada ki yi mamaki, hakan yana faruwa, domin ƙarfen gwangwanin ma kuɗi ne, ke za ki biya shi. Shi ya sa babbar ledar nan ta ƙari, wadda ake juyewa a tsohon gwangwani, takan fi gwangwanin sauƙi. Sai dai ita ma ki duba lambarta, wata giram 360 ce, wato 'yan ledoji 26 ke nan, ba 29 ba. Waɗannan kuɗaɗe misali ne kawai, ki sa na kasuwarku. Kuma ki riƙa sake dubawa lokaci-lokaci, don kamfanoni suna da wata dabara: idan kaya suka yi tsada, maimakon su ƙara kuɗi sai su rage giram, leda tana nan yadda take, kuɗi yana nan yadda yake, cikin ne ya rame.

Inda na ga Gwaggo tana asara a fili shi ne sayen ɗai-ɗai. Ledojin nan a jere suke zuwa, yawanci goma a rol ɗaya, kuma kuɗin rol bai kai na goma da aka saya ɗai-ɗai ba. Mu ci gaba da misalinmu: goma a kan 150 ya kama 1,500, a ce rol ɗin kuma 1,300 ne. Gidan da ke shan leda huɗu kullum yana shan 120 a wata, rol 12 ke nan. Bambancin naira 2,400 ne a wata, 28,800 a shekara, a kan madara kaɗai, kuma madarar iri ɗaya ce, ledar iri ɗaya ce, ba abin da ya sauya sai yawan aiken yaro. Da yayyafi kogi kan cika.

Ba laifin mai tireda ba ne. Kayan nan daga kasuwar Singa ta Kano suke tasowa, su biyo hanyar Gwarzo a mota, wani ɗan kasuwa ya sauke a Kabo ko Gwarzo, mai tireda ya je ya saro ya ɗoro a babur zuwa Dugabau. Kowane hannu sai ya ɗora nasa, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota ya shiga cikin kowane cokali. Ga kuma faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, alhali mafi yawan garin madarar da muke sha daga ƙasashen waje ake shigo da shi. Wanda yake ƙarshen layi, mai saye leda ɗaya da safe, shi ke ɗauke da nauyin kowa. Abin takaici, wanda ya fi kowa ƙarancin kuɗi shi ya fi kowa sayen kaya da tsada.

Mai uku-a-haɗe

Yanzu ga wadda ta fi kama da 'yan kwanonin Turawa, wato gahawar leda mai haɗe da sukari da madara, a zuba ruwan zafi kawai a juya. Ki ɗauki guda ɗaya ki juya bayanta, ko ki ba ɗanki ɗan makaranta ya karanta miki jerin abubuwan da ke ciki. Ƙa'ida ce a fara rubuta abin da ya fi yawa, a ƙare da mafi ƙanƙanta. A mafi yawansu sukari za ki gani a farko. Bayansa sai wani farin gari da ke maye gurbin madara, wanda akasari da man tsirrai da wani nau'in sukarin ake yin sa. Gahawar kanta tana can baya. Kofi ɗaya ba ya buƙatar fiye da kimanin giram 2 na garin gahawa irin su Nescafé, ƙaramin cokali ɗaya ke nan. Duk sauran nauyin da kike ji a hannunki, sukari ne da farin gari. Wato sukarin da za ki auna a gwangwani ko a kwano da rahusa, shi kike saye da kuɗin gahawa.

Ƙaramin gwangwanin gahawa zalla mai giram 50 zai ba ki kofi 25. Ki ninka kuɗin mai uku-a-haɗe sau 25, ki ajiye gefe. Ki haɗa kuɗin gwangwanin da na sukari da madarar da za ki zuba da hannunki, ki kwatanta. In maigida kullum yake sha, a wata na farko za ki ga bambanci.

Bayan kuɗi akwai lafiya, kuma wannan ya fi damuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da babban mutum zai sha a yini kada ya wuce kimanin giram 50, wato ƙananan cokula 12, in ma da hali ya tsaya a rabin haka. Wannan ya haɗa da na shayi, da na kunu, da na zoɓo, da na lemon kwalba. Idan ke kike zuba sukari, kina iya ragewa sannu a hankali har bakin mutanen gida ya saba, ba wanda zai lura. Idan kuwa a haɗe ya zo, ba ki da ta cewa. Ga kuma abin da na sha gani da idona: a juye mai uku-a-haɗe, sannan a ƙara sukari cokali biyu don al'ada. Duk gidan da ke da mai ciwon sukari, ko mai hawan jini da likita ya ce ya rage ƙiba, ya kamata wannan leda ta fita daga cefanensa.

Tukunya

Ganyen shayi mai zare kuwa, kimanin giram 2 ne a kowace jaka, an auna shi don mutum ɗaya da kofi ɗaya. A gidan Gwaggo kowa sai ya tsoma nasa, ya ɗan jujjuya, ruwa ya yi ja, ya jefar tun ganyen bai gama ba da abin da ke cikinsa ba. Da a tukunya ɗaya aka zuba, jaka uku sun ishi mutum tara, balle a ce ganyen awo ne wanda ba a biya kuɗin jaka da zare da kwali ba. Ki lura da maƙwabtanmu Buzaye, ganye ɗaya suke dafawa har sau uku a 'yar butarsu, kowane zagaye da ɗanɗanonsa. Wadda ta je aikin Hajji ko Umara ta ga yadda Larabawa ke dafa gahawa a buta ɗaya, a zagaya da ita cikin 'yan ƙananan kofuna da dabino, buta ɗaya ta ishi zaure guda. Ko mai shayin bakin tasha, wanda da wannan sana'a yake ci da iyalinsa, ba ya kunna wuta don kofi ɗaya. Tukunya ɗaya yake ɗorawa tun asuba. Wanda yake neman riba ya fi kowa sanin inda asara take.

Af, ko kin san a ƙasar nan ma ana noman shayi? A tsaunin Mambila na Jihar Taraba, a Kakara, akwai gonakin da ake yin Highland Tea da ganyensu. In kin gan shi a kasuwa ki gwada.

Tukunya tana da wata falala da leda ba ta da ita, wato kayan ƙamshi. Ki daka citta, da kanumfari, da ɗan masoro, da kimba kaɗan, da kirfa in akwai, ki adana a kwalba mai murfi. Ki zuba cokali ɗaya a ruwa tun yana sanyi, ya tafasa sosai, sannan ki sa ganyen shayi a ƙarshe, ya yi minti uku zuwa biyar, ki sauke ki tace. Kada ki bar ganyen yana ta dahuwa, ɗaci da bauri zai yi, sai ya ci sukari da yawa. In kina da na'a-na'a a bayan ɗaki ki tsinko ki jefa bayan kin sauke. Shayin da ya ji kayan ƙamshi ba ya neman madara mai yawa, wasu ma sun fi son sa haka da ɗan lemon tsami. Nan ma wani ragin ne.

Sai wuta. Ko itace ne, ko kara, ko gawayi, ko gas, hura wuta sau uku da safe, na 'yan makaranta daban, na maigida daban, na tsohuwa da ba ta karyawa sai hantsi daban, ya fi komai cinye makamashi. Ki dafa sau ɗaya ki juye a filas. Amma ki kiyaye, kada ki zuba madara a cikin filas, takan lalace ta bar ƙarni da ba ya fita da sauƙi. Tataccen shayi zalla za ki zuba, kowa ya sa madararsa a kofi.

Inda Gwaggo ta fi ni gaskiya

Duk lissafin nan a takarda yake, gida kuwa ba takarda ba ne. Gwangwani a buɗe yana da maƙiya. Yara su faki ido su lasa. Mai zubawa ta cika cokali ya yi tozo don tana ganin akwai da yawa. Maƙwabciya ta aiko a sam mata kaɗan ta yi baƙo, kuma ba ki isa ki ce babu ba tunda an ga gwangwanin. A gidan da ake karɓa-karɓar girki kuwa, gwangwani ɗaya yana iya haddasa maganar da za ta fi madarar tsada, wannan ta ce a ranar girkin waccan aka fi ɗiba. Da damina kuma, cokali mai laima ɗaya ya isa ya dunƙule garin, ga kiyashi. Abin da aka yi lissafin zai yi wata sai ya ƙare a kwana goma sha biyu. In haka ta faru, ribar naira 350 ɗin nan ta zama asarar dubbai. Abin da Gwaggo take saye a wurin mai tireda, in an duba da kyau, ma'auni ne. Leda huɗu leda huɗu ce, ba mai ƙarawa, ba mai zargin wani.

Akwai kuma yadda kuɗin yake shigowa. Matar da ake ba kuɗin cefane kullum da safe, daidai na ranar, ina za ta ga dubu huɗu a dunƙule? Faɗa mata ta sayi babba kamar faɗa wa mai ƙishirwa ne ya haƙa rijiya.

Amma duka biyun suna da magani, in an so. Ma'aunin da kike biya kamfani ya yi miki, ke ma kina iya yin sa. Babbar leda ko rol ya zauna a ɗakinki cikin abu mai murfi, a inda hannu ba ya kaiwa. Kowace safiya ki fito da rabon ranar kaɗai a ƙaramar roba, da cokali ɗaya busasshe wanda ba ya sauyawa, a shafe bakinsa kada ya yi tozo. In gidan haɗaka ne, a raba tun ranar da aka sayo, a gaban kowa, kowace ta adana nata. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, cikin sati ɗaya za ki san cokali nawa ke isar gidanki.

Maganar kuɗi a dunƙule kuwa, wahalar ta farko ce kawai. Ki zauna da maigida lokacin da hankalinsa yake kwance, ki nuna masa lissafin da lambobi, kada ki tsaya a "kaya sun yi tsada", wannan ya riga ya sani. A gari irin Dugabau lokacin kaka ne kuɗi ke zuwa a dunƙule, in an sayar da wake ko gyaɗa ko masara, kuma lokacin ne sanyi ke ƙaratowa, shan shayi ya ƙaru. Wannan ne lokacin sayen na wata guda, haka nan gab da azumi saboda sahur. Bayan nan kuɗin shayin da aka saba bayarwa kullum ki riƙa jefa shi a asusu, kafin wancan ya ƙare na gaba ya taru. Ko ku haɗu ku uku ko huɗu, ku ba wani amintacce mai zuwa Gwarzo ko Kano ya sayo katan, ku raba rol-rol. Kwasar adashi ɗaya ta isa ta fara wannan. Ku dai duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC a jikin kayan, kuma kada arha ta ja ku ga garin madarar da ake aunawa a buɗe cikin buhu, wanda ba a san ranar da aka buɗe shi ba.

'Yar leda tana da ranarta. Matafiyi, da ɗalibar makarantar kwana, da mai jinya a asibiti, da tsohon da shi kaɗai ke shan gahawa sau ɗaya a mako, duk ita ta fi dacewa da su, domin gwangwani zai daskare kafin su kai rabi. Ni a ganina, da zarar masu sha kullum sun kai uku, tukunya ta yi nasara.

Kafin in manta, ke mai juna biyu, shayi da gahawa duka suna ɗauke da sinadarin nan mai hana barci, kafin. Likitoci a Ingila da Amurka suna ba mai ciki shawarar kada ta wuce miligiram 200 a yini, wato kimanin kofi biyu na gahawa. Sannan shayi yana rage wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe daga abinci, don haka kada ki kora ƙwayar ƙarin jinin da aka ba ki wurin awo da shi, ki ba da tazarar awa ɗaya ko biyu. Madarar shayi kuma, ta leda ce ko ta gwangwani, ba abincin jariri ba ce.

Mu koma kan sharar da kika ƙirga. A birni kwata take toshewa, a ƙauye kuwa tafiyarta ta fi haka nisa. Sharar gida ita ake tarawa a juji, da rani a kwashe a amalanke a kai gona a matsayin taki. Toka da kashin awaki za su ruɓe su zama ƙasa, ledar madara mai ƙyallin nan ba za ta ruɓe ba, garma za ta riƙa tono ta shekara da shekaru. Kafin ma ta kai gona, akuya ta riga ta same ta, tana jin zaƙin da ya rage a ciki ta haɗiye. Ki tambayi kowane mahauci irin dunƙulen ledar da suke cirowa daga tumbin dabba. Akuyar da ke ci amma tana ramewa, cikinta a kumbure, sau da yawa wannan ne ciwonta, kuma akuyar nan ita ce bankin mace a ƙauye. Gidan da ke yar da leda biyar kullum yana zubar da fiye da 1,800 a shekara a tsakar gidan da dabbobinsa ke kiwo.

Da na koma Dugabau bayan ƙaramar Sallah, na tarar Gwaggo ba ta sayi gwangwanin ba, kuma ta ce ba za ta saya ba. Rol take saye yanzu, ita da matan gida biyu na kusa da su, tana ajiye shi a cikin kwalla ƙarƙashin gado. Shayin ya koma tukunya ɗaya da jaka uku da citta. Ledojin da aka yage tana tura su cikin wani tsohon galan da ta rataye a jikin rumbu, inda awaki ba sa kaiwa. Maigidan ne dai har yanzu ya ƙi rabuwa da mai uku-a-haɗensa, ya ce nata haɗin bai kai shi zaƙi ba. Ta ce mini ta ƙyale shi zuwa kaka.